Labarin Birnin Firisko Na Jihar Teksas, Da Abin Da Baƙo Zai Tarar A Cikinsa

 Ga labarin wani gari na ƙasar Amurka, a cikin jihar Teksas ta wajen kudu, sunansa Firisko. Yana arewa da babban birnin Dalas, tsakaninsu bai cika mil 30 ba. Abin da ya sa ya cancanci a ba da labarinsa shi ne saurin girmansa, da kuma dabarar da shugabanninsa suka ƙulla har suka mai da baƙo ya zama shi ne gonar garin, shi suke nomawa, daga gare shi suke girbi.

Ku fara duban ƙidaya, gama ita ba ta son kai. A shekarar 1910 mutum 332 ne a garin. A 1960 sun zama 1,184. A 1990 sun kai 6,141, watau shekara tamanin ke nan gari yana rarrafe. Sa'an nan sai al'amari ya juya. Ƙidayar 2000 ta sami mutum 33,714, ta 2010 ta sami 116,989, ta 2020 kuwa 200,509. Yaron da aka haifa a 1990 cikin ƙaramin gari, kafin ya cika shekara talatin sai ya tarar da kansa a birnin da ya ninka na haihuwarsa sau 32, alhali kuwa bai yi ƙaura ba. Ma'aikatar ƙidaya ta Amurka ta lissafa cewa tsakanin 2010 da 2019 babu wani babban gari a ƙasar duka da ya kai shi saurin ƙaruwa.

Asalin garin

Farkon abin da ya ratsa wannan wuri burtali ne. Tun wajen 1840 da 'yan kai makiyayan Teksas suke koro shanunsu masu dogayen ƙahoni suna yin arewa da su zuwa kasuwannin Misuri, ta wata hanya da ake kira hanyar Shawnee. Hanyar tana bin bisa wani dogon tudu, domin ƙasar wurin baƙar laka ce, kadan an yi ruwa ba ta takuwa. A kan tudun nan aka kafa wani zango mai suna Lebanon. Cinikin shanun bai tafi lami lafiya ba. Shanun Teksas suna ɗauke da kaska mai kawo wata cuta wadda su ba ta kashe su, amma tana kashe shanun ƙasashen da suka ratsa. Saboda haka manoman Misuri suka riƙa tare garkuna da bindiga, har hukumarsu ta yi dokar hana shigo da shanu masu cutar a 1855. Bayan yaƙin basasar Amurka sai fataucin ya koma ta wasu hanyoyi na yamma. Burtalin nan shi ne a yau ake kira titin Preston, kantuna sun cika shi dama da hagu.

Abu na biyu da ya zo shi ne jirgin ƙasa. A 1902 wani kamfanin reluwe mai suna San Luwi da San Faransisko ya shimfiɗa dogonsa ta wannan yanki. Jiragen wancan zamani da tururi suke tafiya, lalle ne a riƙa tsayawa ana cika musu tukunya da ruwa. Lebanon kuwa tana bisa tudu, ruwa ba ya taruwa a can. Don haka kamfanin ya kafa mashayar jirgi a kwari, kamar mil 4 yamma da zangon. Mutanen Lebanon ba su tsaya gardama da reluwe ba. Waɗansunsu suka ɗaga gidajensu na katako, suka ɗora su a kan gumagumai, suka mirgina su har bakin dogo. Mai sayar da kaya ya san wannan hali: inda ayari ya sauka nan kasuwa take ci, ko da kabarin kakanka yana wani wuri dabam.

Da farko sun sa wa sabon garin suna Emerson, sunan mai gonar da aka yanka filayen a cikinta. Ma'aikatar gidan waya ta ƙi, ta ce sunan ya yi kama da na wani gari a cikin jihar, wasiƙu za su riƙa ɓacewa. A 1904 sai suka ɗauki laƙabin kamfanin reluwen, watau Firisko, gutsuren sunan San Faransisko. Har tambarin kamfanin suka ɗauka ya zama na gari. Masu cinikin fata za su gane siffarsa da gani ɗaya, gama fata ce da aka kafe kusurwoyinta huɗu aka shanya. An ce asalinsa fatar wata 'yar dabbar dajinsu ce da suke kira rakun, wadda wani ma'aikacin tasha ya shanya a jikin bango. Daga nan garin ya zauna shekaru masu yawa yana noman auduga da hatsi, yana da injinan gurza, jirgi yana kwashewa.

Abu na uku shi ne titin mota na biya. Wannan babban titi ya taso daga tsakiyar Dalas yana yin arewa sannu a hankali. Ya iso bakin iyakar Firisko ta kudu a 1994, ya ratsa garin ya fita ta arewa a 2007. Ku koma ga ƙidayar da na kawo, ku gwada shekarun, za ku ga dai-dai lokacin ne mutane suka yi ta kwararowa. Ma'aikacin da ke aiki a Dalas ko a Plano ya ga zai iya sayen gida babba mai sauƙin kuɗi a gonakin audugar da, ya hau titi ya isa wurin aikinsa. Kamfanoni kuma suka biyo ma'aikata. Kamfanin Toyota ya kawo babban ofishinsa na Amurka ta Arewa zuwa Plano, maƙwabciyar Firisko, a 2017. Jihar Teksas kuwa ba ta karɓar haraji a kan albashin mutum, wannan ma ya jawo jama'a daga jihohin da suke karɓa.

Yadda aka mai da baƙo gona

To, nan ne inda nake so attajirai su natsu. Titin nan ya ratsa garuruwa da yawa, ba Firisko kaɗai ba. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda ta sarrafa kuɗin harajin ciniki.

A Teksas, duk wanda ya sayi kayan dala 100 a kanti, hukumar jiha tana ɗora masa dala 6 da kwata. Doka ta yarda garuruwa su ƙara nasu, amma kada ya wuce dala 2. Sa'ad da aka kafa hukumar motocin haya da jiragen cikin gari ta yankin Dalas a 1983, wadda ake kira DART, garuruwan da suka shiga cikinta suka ɗauki alkawarin ba ta dala ɗaya daga cikin biyun nan. Firisko ba ta shiga ba. Sai ta raba dalar nan gida biyu. A 1991 mutanen garin suka jefa ƙuri'a aka keɓe rabi domin jawo kamfanoni, a 1994 aka keɓe ɗaya rabin domin gina wuraren shaƙatawa da na taruwar jama'a. Ma'anar wannan a fili take. Duk wanda ya zo daga wani gari ya sayi riga ko ya ci abinci a Firisko, ya zuba wani abu a asusun da za a gina abin da zai jawo wani baƙon. Shi ya sa suka himmatu ga gina abin kallo.

A watan Agusta na 2000 aka buɗe wata babbar kasuwa mai rufi, Stonebriar Centre, bene ce mai kantuna fiye da ɗari, da sanyin inji ko'ina. A 2005 kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, mai sayar da kujeru da gadaje da kayan ɗaki, ya buɗe katafaren kantinsa a kusa da ita. Sa'an nan aka juya ga filayen wasa. A 2003 aka gama filin wasan besbol, wanda daga baya aka haƙa masa wani ɗan rafi na gini a gefe, 'yan kallo suna shawagi cikin ruwa suna kallon wasa, abin da mai hankali zai ji ya yi murmushi. A 2005 aka buɗe filin ƙwallon ƙafa na ƙungiyar FC Dallas, wanda ake kira Toyota Stadium, kuma a 2018 aka buɗe gidan tarihin gwanayen ƙwallon ƙafa na ƙasar a jikinsa.

Mafi girman cinikin da suka ƙulla shi ne na ƙungiyar Dallas Cowboys, masu wasan ƙwallon nan ta Amurka wadda ake runguma a hannu ana gudu ana ka da juna. An yi yarjejeniya a 2013, aka buɗe wurin a 2016 a kan fili eka 91, ana kiransa The Star. Hukumar gari da hukumar makarantu da asusun nan biyu suka zuba fiye da dala miliyan 100. Ladan da suka nema shi ne, babban zauren wasan mai rufi, wanda yake ɗaukar mutum 12,000, ya zama na tarayya: ƙungiyar tana yin atisaye a ciki, 'yan makarantun sakandare na garin kuma suna yin gasarsu a nan. Baƙo yana iya biya a zaga da shi cikin wurin. Kewaye da shi akwai masauki da kantuna da gidajen abinci, kowanne yana biyan haraji. Bayan wannan, ƙungiyar PGA ta masu wasan golf ta taso da babban ofishinta daga jihar Fulorida ta dawo Firisko a 2022, aka buɗe filayen wasanta da babban masaukin baƙi a 2023. A cikin wannan shekara kuma kamfanin Universal ya ba da sanarwar gina dandalin wasan ƙananan yara a arewacin garin.

A ganina, wanda bai damu da wasa ba, waɗannan duka kallo ɗaya ya ishe shi. Amma ɗan kasuwa ya kamata ya tsaya ya yi nazarin yadda aka jera su. Ba a gina fili shi kaɗai a daji ba. Kowane fili an kewaye shi da wurin ci da wurin kwana da wurin saye, yadda wanda ya zo kallon sa'a biyu zai kwana biyu.

Abin da ya fi dacewa da mai neman sani

Akwai wurare uku da suka fi filayen wasa amfani ga irinmu. Na fari gidan tarihin jiragen ƙasa na Amurka, wanda aka taso da shi daga Dalas. A cikinsa akwai kan jirgi mai tururi wanda ake yi wa laƙabi da Big Boy, mai lamba 4018, ƙirar 1941. Guda 25 kaɗai aka ƙera irinsa, 8 suka rage. Tsawonsa da ma'ajiyar gawayinsa ya kai ƙafa 132. A 2013 aka jawo shi bisa dogo zuwa Firisko, mutane suka yi dafifi a bakin hanya suna kallo. Wanda ya tsaya a gindin ƙafafunsa zai gane dalilin da ya sa mashayar jirgi ta isa ta ta da gari daga mazauninsa.

Na biyu unguwar tarihi ta garin, inda aka tattara tsofaffin gidajen katako, da tsohon cocin Lebanon, da maƙera, da siffar tsohuwar tasha, domin yara su ga yadda kakanni suka zauna. A wani dandali kuma an zuba siffofin shanu masu dogayen ƙahoni da makiyayansu na tagulla, don tunawa da burtali. Shanun tagulla sun sami wurin zama, na jini da tsoka kuwa gine-gine sun kusa cinye makiyayarsu.

Na uku, wanda ya fi burge ni, shi ne ɗakin karatu na jama'a da aka buɗe a watan Maris na 2023. Ginin asalinsa masana'anta ce ta wani attajiri da ya yi niyyar ƙera rokoki masu zuwa sararin sama, ya bar sana'ar a 2000. Gari ya mai da ginin gidan littattafai. A tsakiyarsa an tsai da kwaikwayon ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba ta zamanin da ya shuɗe domin jawo yara. Shiga kyauta ne, kowa yana iya zama ya yi karatu.

Musulmin da ya sauka a garin ba zai rasa jama'a ba. Ƙidayar 2020 ta nuna kamar kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen garin asalinsu daga Asiya ne, galibi Indiya, da yawansu masu aikin kwamfuta. Cikinsu akwai Hindu, waɗanda suka buɗe babban wurin bautarsu a 2015, akwai kuma Musulmi. Akwai masallacin Juma'a na Cibiyar Musulunci ta Firisko, akwai mahauta da gidajen abinci na halal. A gidan abincin da ba na Musulmi ba sai mutum ya tambaya, gama naman alade yana shiga cikin abinci da yawa ba tare da an ambata ba. Alƙibla a can arewa maso gabas take. Wanda ya dubi taswira shimfiɗaɗɗiya zai zaci kudu maso gabas ce, amma da yake ƙasa a dunƙule take, hanya mafi kusa zuwa Makka ta wajen arewa take bi. Agogonsu yana bayan na Nijeriya da sa'a 6 a lokacin zafi, sa'a 7 a lokacin sanyi, domin suna juya agogo sau biyu a shekara.

Wani al'amari ya faru a 2017 wanda ya nuna halin zaman wurin. Wata makarantar sakandare mai suna Liberty ta daɗe da barin wani aji a buɗe da rana domin ɗalibai su yi salla, saboda da can sukan fita zuwa masallaci su rasa darasi. Ofishin babban lauyan jihar ya rubuto takarda yana tuhumar ko an fifita addini ɗaya a makarantar gwamnati. Hukumar makarantun garin ta amsa cewa ɗakin na kowane ɗalibi ne, ko wane addini yake bi, ba ta kuwa rufe shi ba.

Abin da ba a rubutawa a takardun talla

Zaɓin nan da garin ya yi na riƙe dalarsa yana da farashi, kuma baƙo ne farkon mai biya. Garin da jirgi ya haifa, har aka sa masa sunan kamfanin jirgi, ba shi da jirgin fasinja. Dogon yana nan, kaya kaɗai yake ɗauka. An shimfiɗa birnin ne domin mai mota, tsakanin wuri da wuri tafiya ce mai nisa, zafin watan Yuli da Agusta kuwa yakan wuce awo 38. Wanda ba shi da mota sai ya yi haya ko ya riƙa kiran ta haya da wayarsa. Titin biyan ba shi da shinge ko mai karɓar kuɗi. Na'ura ce take ɗaukar lambar mota, daga baya takardar biya ta iso, kamfanin hayar mota kuma ya ɗora nasa a kai. Da bazara akan yi ƙanƙara manya da guguwa mai ƙarfi. Sanyi ma yakan ba da mamaki: a watan Fabrairu na 2021 ya tsananta har wutar lantarki ta yanke a yawancin jihar kwana da kwanaki, mutum fiye da 200 suka rasu.

Falke ya sani kuma, kantunan Firisko na sayar da ɗai-ɗai ne. Mai son sari sai ya gangara Dalas, inda babbar kasuwar sari ta Dallas Market Center take, ita kuwa ba ta shigar da kowa sai wanda ya nuna shaidar yana da kanti. Amma akwai wata rangwame da ba kowa ya sani ba. Dokar Teksas ta yarda baƙon da zai fita da kaya daga Amurka a mayar masa da harajin cinikin da ya biya. Sai ya adana rasiɗansa na asali, ya kai su tare da kayan da fasfo da tikitin jirginsa wurin dillalin kwastan mai lasisi, dillalin ya cire ladansa ya ba shi saura. Kada a jinkirta, gama akwai wa'adi tsakanin ranar saye da ranar fita.

Masu zaman garin su ma suna da nasu nauyi. Gidajen da arharsu ta jawo mutane sun yi tsada, a shekarun 2022 zuwa 2024 matsakaicin gida ya wuce dala 500,000, harajin gida kuma mai nauyi ne. Malamin makaranta da mai aikin kanti da yawa sai su kwana a wani gari su zo aiki da safe. Filin garin ya kusa ƙarewa, girman ya tsallaka arewa zuwa Prosper da Celina, waɗanda titin biyan ya nufa.

Akwai kuma tsohon miki a tsakiyar birnin. Tun shekarun 1960 wata masana'anta take narkar da tsofaffin baturan mota tana fitar da dalma, a lokacin da babu kowa kusa da ita sai gonaki. Da gidaje da makarantu suka kewaye ta, aka auna iska aka tarar dalmar ta wuce ƙa'ida. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana bayanin haɗarinta. Gari ya yi yarjejeniya da kamfanin Exide mai masana'antar, a kan dala miliyan 45 na sayen filin da ke kewaye da ita, aka rufe ta a ƙarshen 2012. Kamfanin ya karye a 2013, ya sake karyewa a 2020, sai nauyin share ƙasar da rafin da ke gefenta ya dawo kan gari da jiha, babban lambun shaƙatawa da aka yi niyyar yi a can kuma ya yi shekaru yana jira.

Sai batun ruwa. Firisko tana sayen ruwan shanta daga wata hukuma da take shayar da garuruwan arewacin Teksas daga tafkunan da aka datse. A 2009 wata irin ƙaramar ƙumba mai toshe bututu ta bayyana a tafkin Texoma, aka dakatar da jan ruwa daga cikinsa, hukumar ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwanta, ga kuma fari mai tsanani ya biyo baya a 2011. Aka ƙayyade wa masu gida ranakun da za su yi wa ciyawar ƙofar gidansu ban ruwa. Domin kada a sake shiga wannan hali, a 2018 aka fara datse sabon tafki mai suna Bois d'Arc a gundumar Fannin, can arewa maso gabas, wanda ya shafe fili fiye da eka 16,000 na gonaki da kurmi, a kan kuɗi wajen dala biliyan ɗaya da miliyan 600. Manoman wurin da yawa ba su so ba, har aka je gaban alƙali, amma aikin ya ci gaba. Ruwansa ya fara isa famfunan garuruwan a 2023.